Wasa 42 kacal: yadda aka yi Moses Fleetwood Walker ya bar babban lig na besbol

Idan aka ce maka mutum wasa 42 kacal ya buga a babban lig daga nan aka daina jin ɗuriyarsa, abin da zai fara zuwa ranka shi ne ko dai bai iya ba, ko kuma rauni ne ya kwantar da shi. A kan Moses Fleetwood Walker, wanda ake kira Fleet, maganar rauni gaskiya ce, ya ji rauni sosai ma kuwa, amma ni dai na daɗe ina ganin an rataya wa raunin nan kayan da ba nasa ba. Shi Walker baƙar fata ne ɗan Amurka, ya buga wa kulob ɗin Toledo Blue Stockings a kakar 1884 a matsayin mai cafewa, kuma bayan shi da ƙaninsa Weldy babu wani baƙar fata da ya sake taka babban lig a fili sai Jackie Robinson a 1947, shekara 63 kenan.

Bari dai in fara da shi kansa aikin, don mafi yawanmu ba kallon besbol muke ba, kuma in ba a gane aikin mai cafewa ba to labarin ba zai zauna ba.

A wasan akwai mai jifa da ke tsaye a tsakiyar fili, akwai mai bugu riƙe da kulki yana jiran ƙwallo, sai mai cafewa a bayan mai bugun. Mai jifa da mai cafewa 'yan kulob ɗaya ne, mai bugu shi ne abokin hamayya. Mai jifa yana ƙoƙarin wurgo ƙwallo ta yadda mai bugu zai kasa samunta, in ya kasa sau uku an fitar da shi, in kuma ya buge ta sai ya arce yana bin zango zango guda huɗu har ya dawo gida a ba kulob ɗinsa maki. Duk ƙwallon da kulki bai taɓa ba hannun mai cafewa za ta faɗa, in ta kuɓuce masa kuwa 'yan hamayyar da ke kan zango sai su ƙara gaba a banza. Ƙwallon nan fa ba ta roba ba ce, zare ne aka naɗe tamau aka ɗinke da fata, nauyinta wajen giram 145, tauri kamar dutse. Kuma shi mai cafewa ba cafewa kaɗai yake yi ba, shi ne yake kallon filin gaba ɗaya don shi kaɗai ke fuskantar sauran 'yan wasa, shi ne kuma yake yi wa mai jifa sigina kan irin jifar da za a yi, ko miƙaƙƙiya mai gudu ko mai lanƙwasa da za ta karkace a hanya. Riƙe maganar siginar nan, za mu dawo kanta, don ita ce cibiyar labarin.

Yanzu in ka ga mai cafewa a talabijin za ka gan shi cikin sulke daga kai har ƙafa da wata ƙatuwar safar hannu kamar matashi. A zamanin Walker kusan babu ko ɗaya. Garkuwar fuska ta waya sabuwar aba ce a lokacin, wani ɗalibin Harvard mai suna Fred Thayer ne ya ƙirƙiro ta, abokin wasansa Jim Tyng ya fara sa ta a 1877. Sulken ƙirji a cikin shekarun 1880 ya fara shigowa. Ƙatuwar safar nan mai kauri sai ƙarshen shekarun 1880 ta bayyana, kariyar ƙwauri kuwa sai 1907 Roger Bresnahan ya fito da ita fili a babban lig. Abin da masu cafewa ke sa wa a hannu a 1884 bai wuce 'yar siririyar safar fata mai yankakkun yatsu ba, wasu ma hannu tsura. Kuma tazarar da ke tsakanin mai jifa da mai bugu ƙafa 50 ce, wajen mita 15, sai a 1893 aka mayar da ita ƙafa 60 da inci 6 da ake amfani da ita har yau. Ga shi kuma a daidai waɗannan shekarun ne doka take ta sassauta wa masu jifa, da can daga ƙasa ake wurgowa kamar mai miƙa kaya, sai hannu ya dinga ɗagowa sama sama ƙarfin jifa yana ƙaruwa, har National League, ɗaya daga cikin manyan lig na lokacin, ta halatta jifa daga saman kafaɗa a 1884. Wato jifa ta yi ƙarfi kafin kayan kariya su iso, masu cafewan wannan ɗan tsakanin su suka biya bashin da yatsunsu.

Dabararsu a lokacin ita ce in babu kowa a kan zango sai mai cafewa ya ja baya can nesa ya bar ƙwallon ta daki ƙasa ta rage gudu sannan ya cafe, amma da zarar an samu ɗan hamayya a kan zango ko ana neman fitar da mai bugu a jifa ta uku dole ya matso dab da kulki, kuma a nan ake karya yatsu da tsage tafin hannu da fasa haƙora, musamman in kulki ya ɗan shafi ƙwallon ta canza hanya a ƙiftawar ido. Shi ya sa babu kulob da ke dogara da mai cafewa ɗaya, biyu ko uku ake ajiyewa suna karɓa-karɓa, wannan yana jinya wancan yana fili. Saboda haka in ka ji wasa 42 a kakar da kulob ya buga wasa ɗari da 'yan kai kar ka ɗauka ɗan benci ne, rabon mai cafewa kenan a wancan zamanin.

An haifi Walker ranar 7 ga Oktoba 1856 a Mount Pleasant ta jihar Ohio, garin da mabiya ɗariƙar Kwaka masu adawa da bauta suka yi yawa, kuma yana cikin garuruwan da bayin da suka gudo daga kudu ke samun mafaka. Babansa likita ne kuma limamin coci, iyalin suka koma Steubenville a can ya tashi. Ya shiga kwalejin Oberlin, wadda tun 1835 take karɓar ɗalibai baƙar fata, ya buga wa tawagarta ta farko a 1881, daga nan ya koma jami'ar Michigan ya fara karatun lauya yana kuma buga musu. Ina kawo wannan ne don a gane cewa a cikin 'yan besbol na lokacin, waɗanda akasari 'ya'yan leburori ne da ba su yi nisa a boko ba, Walker yana cikin mafiya ilimi. Tun a 1881 ɗin ya ɗanɗana abin da ke jiransa, ya bi wata tawagar kamfanin keken ɗinki ta Cleveland zuwa Louisville a jihar Kentucky, 'yan wasan can suka ce ba za su shiga fili da baƙi ba, aka ajiye shi a gefe.

A 1883 ya sa hannu a Toledo, lokacin suna ƙaramin lig mai suna Northwestern League, kuma a shekarar suka ɗauki kofi. A wannan kakar ne abin da kowa ke ambato ya faru. Ranar 10 ga Agusta kulob ɗin Chicago White Stockings, wanda shi ne Cubs na yau, ya zo Toledo wasan sada zumunci, kyaftin ɗinsu kuma kocinsu Cap Anson, wanda a lokacin babu sunan da ya kai nasa a besbol, ya ce shi fa yaransa ba za su buga ba muddin Walker yana fili. Dama manajan Toledo Charlie Morton ya yi niyyar hutar da Walker ranar saboda hannunsa ya ji ciwo, amma da ya ji maganar sai ya sa shi a can bayan fili inda ba a buƙatar cafe jifa, ya kuma ce wa Anson in ba zai buga ba to ya yafe kasonsa na kuɗin ƙofa. Anson ya buga. Wallahi Morton ya burge ni a nan, sai dai abin da Anson ya koya daga ranar shi ne ya riƙa kafa sharaɗi tun kafin ya taso, kuma haka ya yi a gaba.

Shekarar 1884 Toledo ta haura zuwa American Association, wanda a lokacin babban lig ne kishiyar National League. Shi wannan lig na talakawa ne, kuɗin shiga santi 25 maimakon 50, ana sayar da giya a fili ana kuma wasa ranar Lahadi, abubuwan da National League ta hana. Haurawar kulob ɗin ce ta kai Walker babban lig, babu wani da ya zauna ya yanke shawarar buɗe wa baƙar fata ƙofa, kawai yana cikin tawagar ne aka tafi da shi. Wasan farko ranar 1 ga Mayu, kuma a ina? Louisville ɗin dai da aka hana shi wasa shekara uku baya. 'Yan kallo suka yi ta masa ihu, bai samu bugu ko ɗaya ba, ya yi kuskure huɗu, Toledo ta sha kashi.

Daga nan ya warware. A ƙarshen kaka ya samu bugu mai kyau 40 a cikin tsayuwa 152, wato wajen 26 cikin 100, a lissafinsu suna rubuta shi .263. Ga wanda bai saba ba wannan zai yi kama da kaɗan, amma a besbol wanda ya samu 30 cikin 100 gwani ne, kuma 26 ɗin nan ya haura matsakaicin lig ɗin a shekarar, yana cikin na sama sama a kulob ɗinsu, kuma wannan mutum ne da ke riƙe kulki da kumburarrun yatsu. A watan Yuli da raunuka suka yi wa kulob ɗin yawa aka ɗauko ƙaninsa Weldy ya buga 'yan wasanni a bayan fili.

To yanzu maganar sigina. Babban mai jifan Toledo shi ne Tony Mullane, haifaffen Ayalan, mutum mai baiwa da ke iya jifa da dama da hagu, ya ci wasa 36 a wannan kakar shi kaɗai. Shekaru da yawa bayan haka Mullane da bakinsa ya ba da labarin zamansu, ya ce Walker ne mai cafewa mafi iyawa da ya taɓa aiki da shi, amma shi ba ya son baƙar fata, don haka in Walker ne a bayan kulki ba ya ko kallon siginarsa, abin da ya ga dama yake jefowa. Ya ce wata rana Walker ya yi masa siginar mai lanƙwasa shi kuma ya sako masa miƙaƙƙiya da ƙarfi, Walker ya cafe, ya tako har inda yake ya ce masa zai iya cafe masa ba tare da sigina ba, amma ba zai yarda ya ba da sigina a saɓa masa ba. Haka suka ƙarasa kakar, Walker yana cafe jifar da bai san wace iri ce ke zuwa ba.

Ka tsaya ka auna wannan. Daga hannun mai jifa zuwa hannun mai cafewa ƙwallon ba ta cika rabin daƙiƙa, babu lokacin tunani, abin da ke ceton yatsunka shi ne ka riga ka san inda za ta bi ka ajiye hannu a can. In kana jiran wadda za ta karkace ƙasa sai ga miƙaƙƙiya ta nufo ƙirjinka, ko kana jiran miƙaƙƙiya ta karkace ta daki kan yatsa maimakon tafin hannu, to karaya ce. Ko a yau da ake da cikakken sulke, saɓanin sigina tsakanin mutum biyun nan abu ne da ake tsayar da wasa a je a sasanta. Shi kuwa Mullane da gangan yake yi, wa ɗan kulob ɗinsa, kuma ya san sarai me hakan ke iya jawowa don sana'arsa ce. Shi ya sa nake cewa ba a iya raba raunin Walker da launin fatarsa a ajiye su daban daban kamar dalilai biyu, aikin dama mai cin jiki ne ga kowa, amma shi an cire masa kariya ɗaya tilo da masu cafewan lokacin ke da ita, wato amana tsakaninsa da mai jifa. Haka nan in ka ga alƙaluman ƙwallayen da suka kuɓuce masa a shekarar, waɗanda suna da yawa, sai ka tuna a wane hali ake cafe su.

A watan Yuli ƙwallon da ta shafi kulki ta same shi a ƙirji ta karya masa haƙarƙari. Daga nan wasansa ya zama jefi jefi, na ƙarshe ya buga shi ranar 4 ga Satumba, kafin watan ya ƙare kulob ya sallame shi. A cikin kwanakin nan ne kuma wata wasiƙa ta iso wa Morton daga Richmond ta jihar Bajiniya, inda Toledo za ta je wasa, ana gargaɗinsa cewa akwai mutum 75 da suka sha alwashin far wa Walker in ya shigo fili da kayan wasa. Kafin tafiyar ta zo an riga an sallame shi.

A nan wani zai ce to ai shi kenan, rauni ne, kuma akwai hujjoji a ɓangarensa da ya kamata a faɗa. Toledo kanta ba ta kai labari ba, ta ƙare ta takwas, kuɗi suka ƙare mata ta fice daga lig ɗin bayan kaka ɗaya. Sannan 1884 shekara ce ta daban, manyan lig uku aka yi a lokaci guda don akwai wani Union Association da ya taso ya mutu a shekarar, shi ma American Association ya rage yawan kulob ɗinsa a 1885, saboda haka guraben aiki suka ragu sosai, fararen 'yan wasa da dama su ma daga 1884 ba su sake ganin babban lig ba. Duk wannan haka ne.

Amma duba wanda suke karɓa-karɓa da shi a Toledo. Wani matashi ne farar fata ɗan shekara 20, James McGuire, wanda daga baya aka fi sani da Deacon McGuire, shi ma 1884 ce shekararsa ta farko, yawan wasanninsu kusan ɗaya, kulob ɗaya, masu jifa ɗaya. Bugunsa a shekarar bai kai 19 cikin 100 ba, Walker na da 26. Toledo ta ruguje a kansu su biyun. McGuire ya samu Detroit, ya samu Philadelphia, ya daɗe a Washington, sai da ya taɓa kaka 26 a babban lig, wasansa na ƙarshe a 1912. Kuma ba wai shi bai ji rauni ba ne, har hoton ƙashin hannunsa jaridu suka buga don mutane su ga yadda yatsun suka karkace saboda yawan karaya. Na yarda McGuire ya fi ƙuruciya da shekara bakwai kuma daga baya ya zama gwani na gaske, ba na rage masa komai. Abin da nake nunawa shi ne karayar ƙashi ba ta kore shi ba, mummunar kakar farko ba ta kore shi ba, rugujewar kulob ba ta kore shi ba, kullum akwai wanda zai sake gwada shi. Shi kansa Mullane a ƙarshen kakar nan ya yi wasa da kwantiragi, ya yi alkawari a wani kulob ya karɓi kuɗin Cincinnati, aka dakatar da shi duk kakar 1885, ya dawo a 1886 ya ci gaba har ya tara nasara 284. Mai cafewan da Mullane ya ce babu kamarsa kuwa, babu babban kulob ɗaya da ya neme shi, a zamanin da masu cafewa ke ƙaranci har kowane kulob na neman na biyu da na uku.

Kuma hujjar cewa jikinsa bai ƙare ba ita ce ya ci gaba da cafewa shekara biyar a ƙananan lig. Ya buga a Cleveland a 1885, ya buga a Waterbury ta jihar Konetikat, sai 1887 ya je Newark a International League, wanda shi ne mataki na dab da babban lig. A can ya haɗu da George Stovey, baƙar fata mai jifa da hagu, wanda ya ci wasa sama da 30 a wannan kakar. Ka ga bambanci, an ba shi mai jifan da ke kallon siginarsa. A shekarar lig ɗin na da baƙaƙen 'yan wasa da dama, akwai Frank Grant a Buffalo, Bud Fowler a Binghamton, Robert Higgins a Syracuse, kuma ba cike gurbi suke ba, Grant da Fowler suna cikin mafiya bugu. Ina ganin wannan ne ma ya tayar da hankalin fararen 'yan wasa, mutum ɗaya ana iya kawar da kai a kansa, amma da aka ga suna ƙaruwa kuma suna cin gurbin da ake biyan albashi sai ƙorafi ya yi yawa, wasu suka ƙi tsayawa hoton kulob da su, wasu suka riƙa shigar musu da ƙusoshin takalmi da gangan, har ana ba da labarin masu tsaron zango irin su Grant da Fowler suna ɗaura katako a ƙwauri.

Ranar 14 ga Yuli 1887 shugabannin International League suka zauna a Buffalo suka kaɗa ƙuri'a cewa ba za a sake amincewa da sabon kwantiragi da baƙar fata ba. A wannan ranar dai Chicago ta Anson tana Newark wasan sada zumunci, kuma Stovey da Walker ba su shiga fili ba. Mutane na son ɗora komai a kan Anson, kuma ya cancanci kasonsa don babban suna ne da ya fito fili ya yi, amma mutum ɗaya ba ya rufe ƙofa shekara 60, masu kulob ne suka ga ya fi musu sauƙi su bi son fararen 'yan wasa da 'yan kallo. Ƙasar ma gaba ɗaya can ta nufa. An soke bauta a 1865, an janye sojojin tarayya daga kudu a 1877, a 1883 kotun ƙoli ta rushe dokar 1875 da ta hana wariya a otal da jirgin ƙasa da gidajen kallo, a 1896 kuma ta halatta wariyar ƙarara a shari'ar Plessy. A manyan lig ɗin ba a ma rubuta dokar ba, fahimtar juna ce kawai tsakanin masu kulob, kuma irin wannan ta fi wuyar yaƙa don babu takardar da za ka ɗaga ka ce ga ta. Weldy ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a 1888 yana ƙalubalantar irin wannan hani a lig ɗin da yake bugawa a Ohio.

Duk da hanin na International League, Walker ya samu ya ɗan ƙara gaba, ya koma Syracuse Stars a 1888 suka ɗauki kofi, ya sake buga 1889. A nan kam bugunsa ya ja baya sosai, shekaru sun fara ja ga hannu ya sha wuya, a watan Agusta 1889 aka sallame shi yana da shekara 32. Shi ne baƙar fata na ƙarshe a International League har Robinson ya zo kulob ɗin Montreal a 1946.

A kan maganar wa ya fara, masu bincike sun gano wani ɗalibi William Edward White da ya buga wa Providence wasa ɗaya tak a 1879, ɗan wani mai bayi ne da baiwarsa, amma ya yi rayuwarsa ana ɗaukarsa farar fata. Walker ne na farko da kowa a filin ya san baƙi ne kuma ya sha abin da ke biyo bayan sanin.

Rayuwarsa bayan wasa ba mai sauƙi ba ce, kuma ba zan ɓoye ɓangaren da ba daɗi ba. A Afrilu 1891 a Syracuse rigima ta haɗa shi da wasu fararen fata a titi, aka jefe shi da dutse a kai, ya zaro wuƙa ya soki ɗaya daga cikinsu, mutumin ya mutu. Aka gurfanar da shi kan kisa, masu taya alƙali yanke hukunci, dukansu farare, suka wanke shi. A 1898 kuma aka same shi da laifin satar wasiƙu lokacin yana aikin gidan waya, ya yi zaman kurkuku na wajen shekara. Amma mutumin nan kansa na ja, ya yi rajistar ƙirƙirar wani harsashin igwa a 1891, daga baya ya yi rajistar wasu dabaru uku na na'urar haska fim, ya riƙe otal, ya daɗe yana gudanar da gidan kallo a garin Cadiz na Ohio, shi da Weldy sun fitar da jarida. A 1908 ya wallafa ɗan littafinsa Our Home Colony, inda ya ce shi bai ga ranar da farar fatar Amurka za ta yarda da baƙi a matsayin daidai da ita ba, don haka mafita ita ce baƙaƙen Amurka su koma Afirka, har shi da ƙaninsa suka buɗe ofishin taimaka wa masu son ƙaura zuwa Laberiya. Wannan maganar tana taɓa ni, don ba daga bakin wanda bai gwada zama da su ba ta fito, ɗan likita ne da ya yi makaranta da farare, ya ci kofi da su, ya tsuguna a gaban jifarsu da hannu kusan tsura. Shi kansa bai yi ƙaurar ba.

Ya rasu a Cleveland ranar 11 ga Mayu 1924 yana da shekara 67, ciwon huhu ne ya yi ajalinsa, a lokacin yana aiki a wani gidan wasan sunuka. Mullane ya rayu har 1944, McGuire har 1936 bayan ya yi kocin manyan kulob uku. An binne Walker a maƙabartar Union da ke Steubenville, kabarin ya shafe sama da shekara 60 babu ko alama a kansa kafin mutanen tsohuwar kwalejinsa ta Oberlin su zo su kafa dutse mai ɗauke da sunansa.